Yadda Ake Kwatanta Ƙarfin Tsohuwar Furosesa da Sabuwa a Kwamfutar Tebur

Mutumin da kwamfutarsa ta tebur ta kwana biyu, idan ya ga ta fara jan ƙafa wajen aiki, abin da yakan fara ɗora wa laifi shi ne furosesa, wato ɗan guntun nan da ke zaune a kan babban allon kwamfuta yana aiwatar da duk umarnin da manhajoji ke aika masa. Daga nan sai ya shiga duba sababbin samfura, ya tarar da lambobi birjik: gigahaz kaza, cibiya kaza, wat kaza. Sau da yawa lambobin sabuwar ba su ɗara na tsohuwar da wani abin a zo a gani ba, wani lokaci ma na tsohuwar ne suka fi girma, sai mutum ya rasa ta inda zai kama. Waɗannan lambobi suna da amfani ne idan furosesoshin biyu 'yan zubi ɗaya ne, wato an ƙera su a zamani ɗaya. Da zarar shekaru sun shiga tsakaninsu, ma'aunin da ba ya yaudara shi ne lokacin da kowacce ke ɗauka kafin ta gama irin aikin da mai kwamfutar yake yi kullum, bisa sharuɗɗa iri ɗaya.

Matakin farko shi ne a san cikakken sunan kowace furosesa, da harufanta da lambobinta duka. A Windows, shafin Performance na cikin Task Manager yana nuna sunan, ita kuwa manhajar CPU-Z, wadda kyauta ake samunta, tana ƙara bayani kan yawan cibiyoyi (ƙananan furosesoshin da ke cikin guntun), girman ma'ajiyar kusa, nau'in soket (gurbin da furosesa ke zama a kan babban allo) da kuma irin umarnin da furosesar ta iya karantawa. Wanda ya ce kwamfutarsa i7 ce bai faɗi komai ba tukuna, domin kamfanin Intel yana amfani da wannan suna tun 2008. Core i7-2600K da ta fito a Janairun 2011 tana da cibiya huɗu da layin aiki takwas (kowace cibiya tana riƙe ayyuka biyu a lokaci guda), tana kai wa gigahaz 3.8. Core i3-12100 da ta fito a Janairun 2022 ita ma cibiya huɗu ce da layin aiki takwas, tana kai wa gigahaz 4.3. A takarda kamar ba su da wata tazara, kuma sunan i7 ya fi na i3 kwarjini, amma a aikace i3 ɗin ta yi wa i7 ɗin fintinkau a kowane irin aiki. Lamba ɗaya ko biyu na farko a sunan irin waɗannan furosesoshi na Intel su ne ke nuna zubinsu: 2600K zubi na biyu ce, 12100 kuma zubi na goma sha biyu. Harafin K yana nufin ana iya ƙara mata sauri da hannu, F yana nufin ba ta da sashen nuna hoto a cikinta, T kuma yana nufin an rage mata cin wuta, tare da saurin da ke biyo bayansa. A ɓangaren kamfanin AMD ma haka tsarin yake, sai dai a kula, domin lambar ba kullum take nuna ainihin ƙirar ba: Ryzen 5 3600 an gina ta a kan ƙirar Zen 2, alhali Ryzen 3 3200G, duk da cewa ita ma da 3 ta fara, a kan tsohuwar ƙirar Zen+ take.

Gigahaz shi ne inda aka fi yin tuntuɓe, saboda haka ya cancanci a tsaya a kansa. Furosesa tana aiki ne bisa bugun wani agogo na cikinta, kuma gigahaz ɗaya yana nufin bugu biliyan ɗaya a cikin daƙiƙa guda. Abin da lambar ba ta faɗa shi ne yawan umarnin da furosesar ke kammalawa a kowane bugu. Mutum biyu suna iya yin taku iri ɗaya a minti guda, amma mai dogon taku ya riga mai gajeren taku isa. Ainihin saurin cibiya guda shi ne yawan bugu a ninka da yawan aikin da ake yi a kowane bugu, kuma wannan ɓangare na biyu shi ne ya fi sauyawa daga zubi zuwa zubi.

Tarihin sana'ar ya tabbatar da haka fiye da sau ɗaya. Pentium 4, wadda Intel ya fitar a Nuwamban 2000, an ƙera ta ne domin ta yi ta hawa a gigahaz, ta kuwa hau har 3.8, inda zafi da cin wuta suka tare ta, kamfanin ya soke shirin fitar da mai gigahaz 4. A Yulin 2006 Core 2 Duo ta fito, samfurin E6600 yana gudu a gigahaz 2.4 kacal, amma ya shige gaban Pentium 4 da Pentium D masu lambobin da suka fi nasa girma, kuma da ƙarancin wuta. AMD ya bi ta irin wannan hanya bayan 'yan shekaru: FX-9590 ta 2013 tana taɓa gigahaz 5 da ƙimar wuta ta wat 220, sai ga Ryzen 7 1800X a Maris na 2017, wadda iyakarta gigahaz 4 ne da ƙimar wat 95, ta bar ta a baya nesa. Kamfanin ya bayyana cewa ƙirar Zen ta ƙara yawan aikin kowane bugu da kashi 52 cikin ɗari a kan ƙirar da ta gabace ta, sannan ya bayyana ƙarin kashi 15 a Zen 2, kashi 19 a Zen 3, da kashi 13 a Zen 4. Waɗannan alƙaluman kamfani ne, kuma matsakaici ne na ayyukan da shi ya zaɓa, amma suna nuna yadda ƙarin yake taruwa: kowane sabon kashi a kan na baya yake hawa. Don haka ba a kwatanta gigahaz sai tsakanin furosesoshi masu ƙira ɗaya. Ko a nan ɗin ma a lura cewa lambobi biyu ake bayarwa, saurin tushe da saurin ƙoli, kuma na ƙolin yakan samu ne a cibiya ɗaya ko biyu, muddin zafi da wuta sun ba da dama.

Sai batun yawan cibiyoyi. Kowace cibiya kamar furosesa ce mai cin gashin kanta a cikin guntun, kuma a nan ne sababbin samfura suka fi nuna bambanci a takarda. Daga Core 2 Quad ta 2007 har zuwa Core i7-7700K ta farkon 2017, furosesoshin Intel na kwamfutocin gama-gari ba su wuce cibiya huɗu ba. Bayan fitowar Ryzen mai cibiya takwas ne i7-8700K ta zo da shida a Oktoban 2017, daga nan adadin ya yi ta ƙaruwa. To amma ba kowane aiki ne ke rabuwa ba. Masanin kwamfuta Gene Amdahl ya bayyana wannan iyaka tun 1967: idan rabin aiki dole ne a yi shi bi da bi, to ko cibiya dubu aka ba shi, saurinsa ba zai wuce ninki biyu ba. Sarrafa bidiyo, haɗa hoto mai fuska uku, matse manyan fayiloli da harhaɗa manhaja suna rabuwa sosai, suna kuma cin moriyar kowace cibiya. Buɗe shafin intanet, rubutu, lissafin ofis da yawancin wasanni sun fi dogara ga saurin cibiya ɗaya ko 'yan kaɗan. Wannan ne ya sa duk gwaji mai ma'ana yake ba da sakamako biyu, na cibiya ɗaya da na dukkan cibiyoyi, kuma wajibi ne mutum ya san wanne ne ya shafi aikinsa kafin ya kalli ko ɗaya daga cikinsu.

Su kansu cibiyoyin ba duka suke daidai ba. Cibiyoyi takwas na FX-8350 ta 2012 a haɗe suke biyu-biyu, kowane biyu suna raba sashe ɗaya na lissafin lambobi masu ɗigo, saboda haka ba su kai takwas na Ryzen ba. Tun daga zubi na goma sha biyu, wanda ya fito a Nuwamban 2021, Intel yana haɗa manyan cibiyoyi masu ƙarfi da ƙanana masu tsimin wuta a guntu ɗaya a samfura da yawa. Cibiyoyi 16 na Core i9-12900K takwas manya ne, takwas ƙanana. Layin aiki kuma ba cibiya ba ne: dabara ce da ke barin cibiya ɗaya ta riƙe ayyuka biyu a lokaci guda, tana ƙara sauri gwargwado, amma ba ta ninka shi.

Akwai kuma ma'ajiyar kusa, wato 'yar ma'adanar nan mai tsananin sauri da ke cikin furosesar kanta, inda take ajiye bayanan da take yawan komawa gare su don kada ta tsaya jiran RAM, wato babbar ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Misali ɗaya ya isa a ga tasirinta. Ryzen 7 5800X da Ryzen 7 5800X3D ƙirarsu ɗaya, cibiyoyinsu takwas-takwas. Ta farkon tana kai wa gigahaz 4.7 da ma'ajiya ta megabayit 32, ta biyun, wadda ta fito a Afrilun 2022, ta tsaya a 4.5 amma da megabayit 96. A wasanni da yawa ta biyun ce ke gaba, a aikin haɗa hoto kuwa ta farkon ce ke ɗan rinjaye.

Yadda ake yin gwajin

Idan duka kwamfutocin suna hannu, babu abin da ya kai a gwada su da kai. Sharaɗin shi ne a daidaita duk abin da za a iya daidaitawa, ta yadda furosesa ce kaɗai za ta bambanta. Babbar manhajar ta zama iri ɗaya, da sabuntawa iri ɗaya; manhajar gwajin ta zama fitowa ɗaya; a rufe duk abin da ke gudana a ɓoye, a kuma tabbata Windows ba ya cikin sauke sabuntawa ko binciken ƙwayoyin cuta. A sa tsarin wuta iri ɗaya a duka biyun. Faifan ajiya shi ne ya fi ɓata irin wannan kwatanci: tsohuwar kwamfuta mai faifan da ke juyawa, idan aka gwada ta da sabuwa mai SSD, wato ma'ajiyar da babu abin da ke juyawa a cikinta, to faifai aka gwada. Faifai mai juyawa yakan karanta megabayit 100 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD na SATA kimanin 550, na NVMe a kan PCIe 3.0 kuma har kusan 3,500, kuma tazarar ta fi haka nesa wajen karanta ƙananan fayiloli da ke warwatse. Abin da ya dace shi ne a sa SSD iri ɗaya a duka biyun.

RAM ba ta daidaituwa gaba ɗaya, domin tsohuwar furosesa DDR3 take karɓa, sabuwa kuma DDR4 ko DDR5, kuma wannan bambanci wani ɓangare ne na abin da ake samu idan an sauya. Sanda ɗaya ta DDR3-1600 tana ɗaukar gigabayit 12.8 a daƙiƙa, ta DDR4-3200 tana ɗaukar 25.6, ta DDR5-4800 kuma 38.4. Abin da za a iya yi shi ne a daidaita yawanta, a kuma sa sanda biyu a ramukan da suka dace a kowace kwamfuta, don kowacce ta yi aiki da hanya biyu. Furosesar da aka bar ta da sanda ɗaya an tauye ta tun kafin a fara.

Tsohuwar kwamfuta tana da hakkin a share ta kafin a yanke mata hukunci. Ƙura takan toshe ƙarfen da ke janye zafi, man da ake shafawa tsakaninsa da furosesa yakan bushe bayan shekaru, kuma furosesar da ta kai iyakar zafinta, galibi tsakanin digiri 90 da 100 a ma'aunin Salsiyus, da kanta take rage sauri don kada ta lalace. A buɗe manhajar HWiNFO a gefe yayin gwaji, a riƙa duba zafi da ainihin gigahaz ɗin da ake samu. Idan saurin yana faɗuwa bayan minti biyu ko uku, matsalar ta sanyaya ce, a gyara ta a sake gwajin.

Daga cikin manhajojin gwaji, Cinebench ta kamfanin Maxon tana auna haɗa hoto, Geekbench ta Primate Labs tana gwada gajerun ayyuka iri-iri, 7-Zip kuma tana da nata awon na matse fayil a cikinta. Dukkansu suna ba da maki, kuma makin yana da ma'ana ne a cikin fitowa ɗaya kawai: makin Cinebench R15 ba ya haɗuwa da na R20, ko R23, ko na 2024, haka na Geekbench 5 ba ya haɗuwa da na Geekbench 6. Wannan kuskure ne da ake yawan yi idan an ɗauko makin tsohuwar furosesa daga wani tsohon rahoto, na sabuwa kuma daga sabon rahoto. A ganina, duk da amfanin waɗannan manhajoji, matsayinsu na share fage ne. Gwajin da ya fi su nauyi shi ne mutum ya ɗauki aikinsa na gaske, ya auna shi da agogo: bidiyo ɗaya a juya shi da manhajar HandBrake bisa saiti ɗaya a kwamfutocin biyu, ko babban fayil ɗin lissafi a sa shi ya sake lissafa kansa, ko tarin hotuna a fitar da su gaba ɗaya. A maimaita kowane gwaji sau uku a ɗauki na tsakiya, a kuma haɗa da guda ɗaya mai tsawo, na aƙalla minti goma, domin gajeren gwaji yana ƙarewa kafin zafi ya taru, sai ya nuna saurin da furosesar ba za ta iya riƙewa ba.

Mai gwada wasanni yana da ƙarin sharaɗi: katin hoto ya zama ɗaya, kuma a rage girman hoton da ingancinsa, don nauyin ya koma kan furosesa. Idan aka gwada a hoto mai girman gaske, katin ne zai gaji da farko, furosesoshin biyu su fito kamar daidai suke. Kada kuma a tsaya ga matsakaicin adadin hotuna a daƙiƙa. A duba mafi ƙarancin kashi ɗaya cikin ɗari, wato adadin hotuna a lokutan da wasan ya fi jan ƙafa, domin a nan ne tsohuwar furosesa take nuna gazawarta, ta hanyar ɗan tsaikon da ido ke gani ko da matsakaicin yana da kyau.

Wanda ba shi da sabuwar a hannu sai ya dogara da sakamakon da wasu suka wallafa. Ya nemi wanda aka gwada furosesoshin biyu a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, aka kuma bayyana RAM da abin sanyaya da aka yi amfani da su. Rumbunan maki irin na PassMark suna tattara sakamako daga kwamfutocin jama'a masu yanayi daban-daban, don haka suna nuna babbar tazara daidai, amma ba a gina hukunci a kan bambancin kashi biyar da aka gani a cikinsu. Tsofaffin rahotanni kuma suna da wata matsala ta daban. A Janairun 2018 aka bayyana raunin tsaro da aka sa wa suna Spectre da Meltdown, kuma gyaran da aka yi musu ya rage saurin furosesoshi, har Microsoft ya faɗa a lokacin cewa masu furosesar zubin Haswell, wato zubi na huɗu na Intel, da waɗanda suka girme ta za su fi jin ragin. Makin da aka samu a 2012 ba lallai ne ya zama abin da wannan furosesa za ta bayar yau ba.

Karanta sakamakon

Lissafin yana da sauƙi, amma ana yawan juya shi. A ce tsohuwar ta gama aiki a minti 10, sabuwar a minti 6. Lokacin ya ragu da kashi 40 cikin ɗari, saurin kuwa ya ƙaru da kusan kashi 67, domin 10 a raba da 6 ya ba da 1.67. Duka maganganun gaskiya ne, sai dai a san wadda ake yi, kada a haɗa ragin lokaci na wani gwaji da ƙarin sauri na wani. Bayan haka sai a tambayi abin da adadin yake nufi ga mai aikin. Ninki biyu a aikin da ke cin awa uku kullum babban abu ne. Ninki biyu a aikin da ke ɗaukar rabin daƙiƙa da wuya a lura da shi.

Ƙimar wat da aka rubuta, wadda ake kira TDP, jagora ce ga zaɓen abin sanyaya, ba ainihin wutar da furosesar ke ja ba. Core i9-12900K an rubuta mata wat 125 na tushe, amma an yarda ta kai 241 idan aiki ya yi nauyi. Hanyar gaskiya ita ce a sa mitar wuta tsakanin bango da kwamfuta, a ninka abin da ta nuna da lokacin aikin. A misalin da ya gabata, idan tsohuwar tana jan wat 130 na minti 10, sabuwar kuma wat 180 na minti 6, ta farkon ta ci 1,300, ta biyun 1,080. A wannan misali, wadda ta fi jan wuta a kowane minti ita ce ta fi tsimi a kan aikin gaba ɗaya.

Akwai wani ɓangare da maki ba ya nunawa, kuma sau da yawa shi ne yake yanke hukunci: abubuwan da tsohuwar furosesa ba ta iya yi sam. Rukunin umarni na AVX2 ya shigo furosesoshin Intel ne da zubin Haswell a 2013, saboda haka i7-2600K ba ta da shi, kuma manhajar da ta wajabta shi, kamar Cinebench 2024, ba za ta tashi a kanta ba ko kaɗan. Windows 11, wanda ya fito a Oktoban 2021, yana buƙatar wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0, kuma jerin furosesoshin da ya amince da su a hukumance ya fara ne galibi daga zubi na takwas na Intel da Ryzen 2000 na AMD, wanda ya bar i7-7700K da Ryzen 7 1800X a waje duk da cewa ƙarfinsu ya isa. Shi kuwa Windows 10 tallafinsa na gama-gari ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Sashen hoto na cikin furosesa ma yana da nasa tasirin: furosesoshin tebur na Intel daga zubi na goma sha ɗaya suna warware bidiyon AV1 da wani sashe na musamman, alhali tsofaffi sai sun ɗora aikin a kan cibiyoyinsu, fanka ta yi ta ƙara, hoton ya riƙa tsinkewa. A rubuta waɗannan a gefen makin, domin furosesar da ta ci gwajin sauri amma ta kasa ɗaukar manhajar da ake buƙata ba ta biya bukata ba.

Kafin a yanke shawarar sauyawa, a buɗe Task Manager a daidai lokacin da kwamfutar take nauyi, a sa jadawalin ya nuna kowace cibiya daban. Idan faifai ne yake kan kashi ɗari, ko RAM ta cika, sabuwar furosesa ba za ta magance komai ba, SSD ko ƙarin RAM ne maganin. Idan cibiya ɗaya ce take cike sauran suna hutawa, a nemi furosesa mai ƙarfin cibiya ɗaya. Idan dukkansu ne suke cike, ƙarin cibiyoyi zai yi amfani. Sannan a duba soket, domin shi ne zai nuna ko furosesa kaɗai za a sauya ko har da babban allo da RAM. Intel yakan sauya soket bayan zubi biyu ko uku: LGA1155 na zubi na biyu da na uku ne, LGA1150 na huɗu da na biyar, LGA1200 na goma da na goma sha ɗaya, LGA1700 kuma daga na goma sha biyu zuwa na goma sha huɗu. Soket ɗin AM4 na AMD ya ɗauki Ryzen daga jerin 1000 har zuwa 5000, kuma alluna da yawa na farkon zamaninsa suna karɓar Ryzen 5000 bayan an sabunta BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin allon wadda ke tada kwamfuta, yayin da AM5 na 2022 ba ya karɓar komai sai DDR5. A duba jerin furosesoshin da kamfanin da ya ƙera allon ya wallafa a shafinsa, a kuma sabunta BIOS ɗin tun tsohuwar furosesar tana kan allon, domin allon da bai san sabuwar ba yana iya ƙin tashi da ita.